Na Zana Taswirar Ayyukan Gida, Ba Wanda Ya Bi Ta

Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce, maigidana ma yana fita aiki, 'ya'yanmu uku: babbar shekararta 13, mai bi mata 8, auta kuma 4. Kullum da safe gidanmu sai ka ce an yi gobara. Wannan na neman safa, wancan sai a lokacin zai tuna bai yi aikin makaranta ba, ni kuma ina ta ihu har muryata ta dishe. Wata abokiyar aikina ta nuna mini manhajar XMind, ta ce da ita ake zana taswirar tunani. Dare uku na yi ina zanawa bayan kowa ya kwanta. Na sa "Gidanmu" a tsakiya, na fitar da rassa goma sha biyu, kowane da launinsa, na buga a takarda na manna a jikin firiji. Kwana biyu kacal aka bi. Maigida ya duba ya ce "ta yi kyau", ya wuce abinsa. Yanzu gefen takardar ya nannaɗe, auta ya yi mata zane da biro. Manhajar ce ba ta dace ba in canza, ko ni ce ban iya ba?

Uwar yara uku

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kada ki canza manhaja. Ko kin koma MindMeister ko Coggle ko FreeMind, abin da ya faru a jikin firijin nan shi zai sake faruwa, don kin ɗora wa taswirar kayan da ba nata ba.

Tony Buzan, ɗan Ingilan da ya yayata wannan dabara a wani shirin talabijin na BBC a 1974, ya kawo ta ne don ɗaukar bayanai da warware tunani: magana ɗaya a tsakiya, rassa suna fita, kalma ɗaya a kan kowane reshe. Tana nuna miki abin da ke akwai da yadda wannan ya rataya da wancan. Amma ba ta da agogo. Yaro ɗan shekara 8 da ya tashi da magagin barci ba zai tsaya bin rassa goma sha biyu ba, so yake a ce masa wanka, kaya, jaka, takalmi. Taswira ta zaman shawara ce. Abin da ake mannawa a firiji jadawali ne mai layi biyar ko shida, da lokaci a gefe.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne daren nan uku, ke kaɗai, kowa na barci. Ɗauko takardar yanzu, ki rubuta sunan mai yin aikin a ƙarshen kowane reshe, mai yinsa na gaskiya fa, wanda yake yi yau. Ina kyautata zaton sunanki zai cika takardar har ya rasa wurin zama. To, ai shi ya sa maigida ya ce ta yi kyau ya wuce. Hoton gajiyarki ya gani, bai ga inda aka kira shi ba.

Ki sami ranar hutu ki tara su, da babbar takarda da biro mai launi, kowa nasa. Rassa biyar sun isa: safiya, makaranta, aikin gida, yamma, barci. Ki yi tambaya ki yi shiru, kowa ya rubuta da hannunsa abin da zai ɗauka. Babbar za ta yi gardama, ki bar ta, wanda ya yi ciniki a kan aiki ya fi riƙe shi. Maigida kuma kada ki ce ya taimaka miki, ki miƙa masa reshe guda sukutum, misali shirya auta da safe, tun daga tashi har ɗaura takalmi. In ya sa masa riga a baibai, ki kau da kai. (Na san wannan ne mai wuyar.)

Wajen sa lokaci, ki fara daga barci ki lissafo baya. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa ɗan shekara 3 zuwa 5 ya sami barcin awa 10 zuwa 13 cikin awa 24 har da na rana, ɗan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. In mai shekara 8 zai tashi ƙarfe shida, to ƙarfe tara ta same shi ya riga ya yi barci. Rabin gobarar safiya tun dare ake kunna ta, don haka jaka da safa da aikin makaranta ki ɗauke su daga reshen safiya ki mayar na yamma.

Bayan nan manhajar ta sami aikinta. Ki kwafe abin da kuka yarda a ciki, don in hutu ya zo ko lokacin aiki ya sauya, jan reshe kawai za ki yi. Abubuwan da ke da rana da lokaci, kamar ganin likita ko taron iyaye, ki sa su a Google Calendar ki haɗa da wayar maigida, ƙararrawa ta riƙa tuna masa, ki huta da bakinki.

Shi kuwa auta, tun da ya nuna yana son biro, ba shi aikin: ya zana buroshi da bokiti da takalmi a gefen layukan jadawalin, ki manna daidai tsayinsa.

Anti