Tambayi Likita: Zogale, Kunun Kanwa da Zoɓo

Tambaya: Likita, shekara 3 ina shan metformin saboda ciwon suga. Na ji a WhatsApp cewa garin zogale da zuma na warkar da shi, sai na ajiye ƙwayar, yau wata guda. Na yi daidai? (Magidanci daga Katsina)

Amsa: Malam, don Allah ka koma kan maganinka, ka je a auna ka cikin makon nan. Zogale abinci ne mai albarka, ni kaina kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ba ya wuce ni. Amma ba ya yin aikin metformin, wato rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini. Zuma kuwa kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, ka ga ana neman kashe wuta ana ƙara mata itace.

Abin da ke tayar mini da hankali, ciwon nan cin ƙasan tabarma yake yi. Mutum na jin garau, alhali ido da ƙoda na lalacewa. Na sha ganin dattijo ya zo da gyambo a tafin ƙafa, ƙusa ta soke shi tun kwanaki bai ji ba, don jijiyoyin sun mutu. Ci zogalenka, rage malmalar tuwo, ƙara wake da ganye, ka riƙa taka ƙafa na minti 30 kullum, ƙwayar kuma kada ka bar ta.

Tambaya: Kwanana 10 da haihuwa, surukata ta dage sai na sha kunun kanwa safe da yamma don ruwan nono. Akwai illa? (Mai jego daga Zariya)

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Akwai illa, 'yar uwa. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. A garinku ma, tun shekarun 1970 likitoci suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Mama alheri take nufi, don haka maigida ya lallashe ta a koma kunun gyaɗa ko na tsamiya. Yawan ba jariri nono shi ke kawo ruwa. Idan kika ga ƙafa na kumbura, ko haki, ko ba kya iya kwanciya sai kin tara matasai, ki tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Zoɓo na sauke hawan jini? (Hajiya daga Maraɗi)

Amsa: Yana saukewa kaɗan, Hajiya, in ba a cika masa suga ba, amma ba ya isa a bar magani. Rage gishiri ma yana da tasiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen da kike jefawa a miya na cikin lissafin.