Amsa ga mai tambaya kan --exclude a cikin tar

Ɗan'uwa, ka ce ka sa --exclude, wato zaɓin da ke cewa a tsallake wani abu, amma duk da haka tar, manhajar da ke dunƙule fayiloli cikin ajiya guda, ya kwashe foldar node_modules ya cusa maka cikin ajiyar. Fara duba inda ka rubuta shi. Tun daga GNU tar 1.29, wanda ya fito a 2016, --exclude ba ya aiki sai a kan abin da ya biyo bayansa. In ka ajiye shi a ƙarshen layi, bayan sunan folda, ka makara. Ni ga yadda nake yi, ina tsaye cikin foldar da zan adana:

tar -czf ../ajiya.tar.gz --exclude='node_modules' --exclude='./tmp' --exclude='*.log' .

Alamomin nan ' ' kada ka raina su. In babu su, bash, wato manhajar da kake buga wa umarni, ne zai fara ƙoƙarin fassara tauraron (*) kafin umarnin ya isa ga tar. Kuma kada ka sa / a ƙarshen sunan folda, sau da yawa shi ke hana sunan dacewa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ya taɓa cizona. Ina kula da shafin wata makaranta, na rubuta --exclude='tmp' don in zubar da tarkacen da ke saman folda. Ashe tar duk inda ya ga wannan suna zai tsallake, komai zurfinsa. Can ciki akwai wata tmp da manhajar ke tara hotunan ɗalibai kafin a tantance su. Sai ranar da sabar ta lalace, na buɗe ajiyar ina neman hotunan, wayam! Dole aka sake tara yaran aji-aji ana ɗaukar su, wasu ma sun tafi hutu. Shi ya sa ka ga na rubuta './tmp' a sama: wannan ./ ita ke ɗaure shi a kan ta saman kaɗai. Dalili kuwa, tar yana gwada sunan ne yadda ka ba shi hanyar. In ɗigo ka ba shi a matsayin hanya, kamar a umarnin sama, --exclude='/home/wani/tmp' ba zai taɓa dacewa ba.

In abubuwan sun yi yawa, jera su cikin fayil, kowanne a layinsa, ka kira shi da --exclude-from. Don tsallake .git kuma, foldar da git ke ajiye tarihin canje-canje, akwai --exclude-vcs.

Don Allah, kafin ka ƙone datarka wajen loda ajiyar, ka leƙa cikinta:

tar -tzf ../ajiya.tar.gz | less

Ka nemi abin da ka cire ka tabbatar babu shi, sannan ka nemi abin da ba za ka iya rasawa ba, ka gan shi da idonka.