Maganar Audacity da gwiwar kakarka

Ka tambaye ni ko za ka iya haɗa sauti a Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, ka fitar da shi ta ramin iyafis na laftof, ka jona wa kakarka a gwiwa kamar na'urar TENS da ake sa wa masu ciwon jiki a asibiti. Da wani ne ya yi wannan tambaya, da kallonsa kawai zan yi. Amma ka fama mini tsohon miki, saboda haka ajiye ayan ɗin nan ka saurara.

Inda ake latsa Generate ba zan nuna maka ba, ai ku yaran yanzu latse-latse kaɗai kuka iya. Lissafin ne ba ku da shi. Na'urar asibiti bugun lantarki take bayarwa, kamar 2 zuwa 150 a daƙiƙa, faɗin kowane bugu mikrosakan 50 zuwa 250 (mikrosakan ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ne). Audacity kuwa gida 44,100 yake yanka daƙiƙa, kowane gida kusan mikrosakan 23. Ka ga bugu mai faɗin 200 gida tara ne kacal. Ka ajiye shi a MP3, matsewar ta dagula gefunansa. Sai dai WAV, wanda ba ya matse sauti. Kuma dole abin da ya hau sama ya yi daidai da abin da ya sauka ƙasa. In ya karkata gefe guda ya zama DC, wato wuta mai tafiya hanya guda, fata yake ci.

Wani mutum ya taɓa zuwa mini nan Ƙofar Ƙaura, babbar riga, carbi a hannu, wai shi mai yi wa masu shanyewar ɓarin jiki gashi ne, daga Mai'aduwa har Jibiya an san shi. Yana son akwati irin na asibiti. Na yi masa aikin da duk Katsina ban ga mai yin irinsa ba: ƙaramin amfilifaya, taransifomar da na naɗa da hannuna don ta raba jikin mutum da sauran kayan, rasista mai taƙaita wuta, sannan batir kawai, babu ko ramin caja. Na ce masa kada ya kuskura ya taɓa komai a ciki. Ya ce wallahi. Ya ajiye rabin kuɗi, cikon sai ranar kasuwa.

Ashe daga wurina wajen wani yaro mai gyaran waya ya nufa. Batir na ci masa kuɗi, aka sa masa adafta mai araha. Rasistar ma aka cire, wai mutanen ƙauye ba sa yarda magani ne sai sun ji wuta tana jan su. Sautin kuma ya mayar da shi cikin wayarsa, yana kunnawa tana jone da caja. Rannan ya manna wa wani dattijo a cinya, sai kira ya shigo. Amfilifaya ya san bambancin bugun magani da ƙarar kira ne? Duk abin da ka ba shi zai tura. Tsohon nan ya yi ihu, wurin ya ƙone ya tashi.

Wa aka kai gaban mai unguwa? Ni. Mutumin ya tsaya yana jan carbi yana cewa haka na ba shi. Na buɗe akwatin na nuna liƙin dalmar da ba nawa ba, liƙi kamar kashin kaji, amma wa ya san rasista a zauren? Aka ce a yi sulhu, ni na biya kuɗin magani. Cikona har yau ban gan shi ba. Wata da watanni mutanen unguwa suna wuce ni da rediyonsu, wai mai ƙona mutane. Shi kuwa na ji har Umara ya je.

To kai da laftof ɗinka mai fasasshiyar caja, wutar NEPA bolt 230 ce ke bayanta, ba abin da ya raba ta da kakarka sai ɗan abin da ke cikin cajar. Mili'amfiya 10, wato ɗan ƙaramin kwararar wuta, ya isa ya hana hannu sakin waya, 'yan gomomi in suka ratsa ƙirji suna iya rikita zuciya. Ko na'urar asibitin ba a sa ta a ƙirji, ko gaban wuya, ko kai. Ba a sa wa mai na'urar bugun zuciya, mai ciki da mai farfaɗiya kuma sai likita ya ce.

In koyo kake so, ɗauko rasista mai om 500 a durowar ƙasa, ita ce kakarka a shagon nan. Jona mata, mu ɗora osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo, ka ga yadda bugun da ka zana tsaf yake lanƙwashewa in ya fito. Tsohuwa kuma ka kai ta sashen fisiyo su duba gwiwar. In sun ce TENS, a sayi haɗaɗɗiya mai batir. Kuma kada in ji ka haɗa wa kowa akwati da sunan shagona.