Amsa ga Malam Sani kan ajiye zafi da manhajojin tsara shi

Malam Sani, barka da ƙoƙari. Ka tambaya daga Ringim ko ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen manhaja zai iya koyon tsara ma'ajiyar zafi irin ta Turai, kuma ko tana da amfani a wajenmu.

Zai iya. A Denmak kusan kashi biyu cikin uku na gidaje daga bututun ruwan zafi na gari suke samun ɗumi. A garin Vojens sun haƙa wawakeken rami mai cin ruwa kusan mita kubik 200,000, suka rufe shi da murfi mai hana zafi fita, allunan tara zafin rana su zafafa ruwan lokacin zafi, a yi amfani da shi da sanyi. Rumbu ne dai, sai dai zafi ake zubawa ba gero ba.

Fara da manhajar EnergyPLAN ta Jami'ar Aalborg da ke Denmak, kyauta ce. Wata manhajar, TRNSYS, ta fi shiga lungu-lungu, amma kuɗi ake biya, kuma gaskiya wannan tsadar ce ke hana yaranmu taɓa irin wannan ilimi. Abin yana damuna ƙwarai.

Kafin ka kunna kwamfuta ma, riƙe wannan: mita kubik ɗaya na ruwa, in ka ƙara masa zafin digiri 50, yana riƙe kusan kilowat-awa 58, wato daidai da yunit 58 na wutar lantarki.

Mu ba ɗumama gidaje ne matsalarmu ba, ko da hunturu. Amma je Kura ka ga masu turara shinkafa, tukunya na tafasa tun asuba, itace na ƙonewa. Auna ruwan da suke dafawa a yini, ka fara lissafinka daga nan.