Dangin Matata Suna Cikin "Arham" Ɗin Da Aka Hana Yankewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mutumin Katsina ne ina zaune a Makka, anan na yi aure, matata haihuwar unguwar Shara Mansur ce a nan Makka, iyayenta ma nan aka haife su. Mun samu saɓani da yayanta akan wasu kuɗi, tun daga lokacin na ɗauke ƙafa daga gidansu, ko azumar, wato walimar cin abinci, da suke haɗuwa ranar Juma'a na daina zuwa. Shine take ce min wai na zama mai yanke rahim tunda su arham ɗina ne, kuma gaskiya haka ake kiransu anan, abokan shugul ɗina, wato abokan aikina, Larabawa in za su ce surukina cewa suke rahimi. Ta kawo min hadisin mai yanke zumunci ba zai shiga aljanna ba, shi kuma yayan nata har cewa ya yi ayar ulul arham ta sa ya fi kowa kusa da ni. Ni abinda na sani tun ina yaro rahim mahaifa ce. Don Allah Malam mene ne asalin kalmar nan, kuma na shiga cikin wancan narkon?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa abinda ka sani tun kana yaro daidai ne, rahim mahaifa ce, inda ɗa yake kwanciya a cikin uwarsa, jam'inta arham. A Alƙur'ani jam'in ne yake zuwa, sau 12, guda 7 daga ciki mahaifar ake nufi kai tsaye, kamar a Ali Imrana aya ta 6 da Allah ya ce Shi ne yake suranta ku a cikin arham yadda ya so, da Baƙara aya ta 228 da aka hana matan da aka saka su ɓoye abinda Allah ya halitta a arham ɗinsu, da ƙarshen Luƙman, da Ra'ad da Hajji, har mahaifar dabbobi ma a An'am da wannan sunan aka kira ta. Sauran 5 ɗin kuma dangantaka ake nufi, su ne na farkon Nisa'i da ƙarshen Anfal da Ahzab aya ta 6 da suratu Muhammad aya ta 22 da Mumtahana aya ta 3.

Toh wace ma'ana ce ta riga wata? Anan malaman lugga ba su haɗu ba. Ibnu Faris wanda ya rasu shekara ta 395 bayan hijira, a littafinsa Maƙayisul Lugga, ya tafi akan cewa tushen haruffan nan uku na kalmar, ra da ha da mim, tausayi ne da taushin zuciya, dangantaka aka fara kira rahim, sannan aka sa wa mahaifa sunan saboda daga cikinta abin tausayi yake fitowa wato jariri. Shi kuma Ragib Al-Asfahani a Mufradat sai ya juya abin, ya ce mahaifar ce asali, aro sunan aka yi aka ba dangi saboda daga mahaifa ɗaya suka fito. Ni maganar Ragib ta fi kwanta min, don mutane abinda ido yake gani suke fara sa wa suna kafin su ɗauke shi zuwa abinda ba a gani, kuma mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mu da muke cewa ɗan'uwa, ɗan uwa kenan, muke cewa cikinmu ɗaya da wane. Amma ka lura da kyau, ko ka bi Ibnu Faris ko ka bi Ragib, haihuwa ce take ɗaure maganar, babu wanda ya kawo aure a cikinsu.

Kuma kalmar ba musulunci ne ya ƙirƙiro ta ba, ya tarar da Larabawa suna girmama ta. Ranar da wahayi ya fara sauka Annabi (SAW) ya dawo gida a tsorace, farkon abinda Nana Khadija ta lissafa masa shine kai kana sada rahim, lokacin ko ayar hukunci ɗaya ba ta sauka ba. Balarabe in ya matsu yana roƙon ɗan'uwansa cewa yake na haɗa ka da Allah da rahim, Ƙuraishawa ma da Abu Basir da mutanensa suka tare musu hanyar fatauci bayan sulhun Hudaibiyya da wannan lafazin suka aika wa Annabi (SAW) suna roƙonsa, yana nan a Bukhari. Abinda musulunci ya yi shine ya ɗauke ta daga al'adar ƙabila ya mai da ita ibada, har ya zo a hadisin Abdurrahman bin Auf wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito Allah yana cewa Ni ne Ar-Rahman, Na halicci rahim Na tsaga mata suna daga sunana, wanda ya sadar da ita in sadar da shi, wanda ya yanke ta in yanke shi.

Yanzu mu zo kan surukai. Abinda kake ji a bakin abokan shugul ɗinka gaskiya ne haka mutanen ƙasar nan suke magana, rahimi, arhami, suna nufin dangin mata ko mijin 'yar'uwa, amma wannan yaren kasuwa ne da majalisa, ba a ɗora masa hukuncin aya. Malaman ƙasar da kansu sun yi ta gyara wannan, Sheikh Ibnu Usaimin wanda ya rasu 1421 ya sha faɗa a fatawoyinsa cewa dangin mata as'har ne, wato surukai, ba arham ba. Allah da kansa ya raba su a Furƙan aya ta 54, ya halicci mutum daga ruwa sai ya sanya shi nasaba da sihr, wato dangantakar jini daban surukuta daban. Akwai ma hadisin da ya fi fito da abin fili a Sahihu Muslim daga Abu Zarr, Annabi (SAW) ya ce za ku buɗe Masar ku kyautata wa mutanenta don suna da alƙawari da rahim, a wani lafazin alƙawari da sihr, Imam Nawawi ya ce rahim ɗin saboda Hajara mahaifiyar Annabi Isma'ila daga cikinsu take, sihr ɗin kuma saboda Mariya mahaifiyar Ibrahim ɗan Annabi (SAW). Kaga ta wajen wadda ta haifi kakan Larabawa aka ce rahim, ta ɗaya wajen aka canza kalma. Mu ma fa Hausarmu tana ƙara rikita abin, don zumunci a bakinmu ya fi rahim faɗi nesa ba kusa ba, maƙwabci zumunci, abokin makaranta zumunci, har su Facebook kafar sada zumunta muke ce musu, sai mutum ya ji an fassara hadisin da yanke zumunci ya ɗauka duk wanda ya daina gaisawa da shi ya shiga ciki.

Saboda haka hukuncin shine, yayan matarka da iyayenta ba arham ɗinka ba ne a shari'a, kuma hadisin Jubairu bin Muɗ'im na cewa mai yankewa ba zai shiga aljanna ba bai hau kanka saboda su ba, sai dai in auren zumunci kuka yi, in ita 'yar kawunka ce ko 'yar baffanka toh sun haɗa biyu, surukai ne kuma dangi ne. Maganar ulul arham da yayanta ya kawo kuwa, wato ayar ƙarshen Anfal da Ahzab da ta ce dangi sashinsu ya fi cancanta da sashi, ba gurbinta kenan ba. A farkon zaman Madina Muhajirai da Ansar suna gadon juna saboda 'yan'uwantakar da Annabi (SAW) ya ƙulla musu, sai ayar ta sauka ta mayar da gado ga dangi na jini, kaga ta zo ne ma ta fitar da wanda ba jini ba. Daga baya malaman gado suka ƙara ƙuntata lafazin, zawul arham a wajensu su ne dangin da ba su da kaso yankakke kuma ba asaba ba ne, wato masu ɗaukar abinda ya rage bayan an fitar da kason, kamar kawu da gwaggo da ƙanwar uwa da 'ya'yan 'ya mace. Abu Hanifa da Ahmad suka ce suna gado in babu waɗancan, Malik da Shafi'i suka bi Zaidu bin Sabit suka ce dukiyar baitul mali za ta tafi, malaman da suka zo daga baya na mazhabobin biyu kuma suka koma ba su in baitul malin ba a tsare yake ba. Duk cikin wannan saɓanin babu wanda ya sa yayan mata a layi.

Amma ɗan'uwa don Allah kar ka ɗauki amsar nan ka shiga gida da ita kana cewa Malam ya ce ba ni da haɗi da ku, wallahi ba abinda nake nufi kenan ba, kuma in ka yi haka ka zalunci baiwar Allah nan. Mutanen nan arham ɗinta ne ita, wajibi ne a kanta ta sadar da su, kuma arham ɗin 'ya'yanka ne, mutumin da kuke rigima da shi kawunsu ne na jini har abada ko ka so ko ka ƙi. In ka hana ta zuwa ko ka hana yaran, ko ka riƙa ɓata rai duk ranar da ta je har ta gaji ta daina, kai ne ka zama sanadin yankewar kuma kana da kaso a zunubin. Malamanmu na Malikiyya sun ce ko rantsuwa miji ya yi cewa iyayen matarsa ba za su shigo gidansa ba alƙali zai sa ya karya ta, ana ba su damar ganinta duk Juma'a. Sannan shi kansa yayan nata musulmi ne, hadisin Abu Ayyub a Bukhari da Muslim ya hana ƙaurace wa musulmi sama da kwana uku, wannan kam ya hau kanka kai tsaye, mafi ƙarancin abinda zai fitar da kai shine in kun haɗu ka yi masa sallama. Zuwa azumar Juma'a ba wajibi ba ne, amma iyayenta da suka ɗauki 'ya suka ba ka kana baƙo a garin ba su ci kuɗinka ba, je ka gaishe su.

Akwai kuma abinda yake damuna da mu mazauna nan, tunda ka tambayi su waye arham. Su ne waɗanda ka baro a Katsina. Wasu malamai sun taƙaita wajibcin ga muharramai, Nawawi ya rinjayar da cewa ya haɗa duk dangi na kusa da na nesa gwargwadon kusancinsu, ko wanne ka ɗauka gwaggonka da kawunka da 'yan'uwanka mata suna ciki. Mutum sai ya shekara goma a Makka yana ɗawafi kullum amma ƙanwar babansa ba ta ji muryarsa ba, alhali ga waya a hannunsa, in an yi magana ya ce ai su ma ba sa nemana, bayan Annabi (SAW) ya ce mai sadarwa ba shine mai ramawa ba, shine wanda in an yanke shi yake sadarwa.

Maganar kuɗin kuma kar ku bar ta tana ruɓewa a tsakaninku, ku samu dattijai biyu cikin mutanenmu waɗanda ku duka kuke jin nauyinsu a zauna a yi lissafi, in bashi ne a rubuta shi da ranar biya da shaidu kamar yadda ayar bashi ta ce, in kuma kai ne kake bin sa kuma ka san yana cikin matsi ka ɗaga masa ƙafa zuwa lokacin da zai samu.

Wallahu a'alam.