Ba kyamarar ce ta ƙona maka fararen riguna ba

Alhaji, ka ce ka ajiye tsohuwar Nikon ɗinka ta fim ka sayo Nikon D3200 ta dijital a Adum, cikin Kumasi, sai hotunan Sallah da ka ɗauka a unguwar Aboabo suka fito da riguna fari fat, ko aikin wuya ba a gani. Wai ko an cuce ka?

Ba a cuce ka ba. Fim yana da haƙuri, in haske ya yi yawa mai wankin hoto zai daidaita. Dijital kuwa in wuri ya ƙone da haske ya tafi ke nan. Ka sa ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, ka danna maɓallin +/- na ƙara ko rage haske ka sauke zuwa -0.7, shadda ma a rana tsaka har -1. Fuska za ta ɗan yi duhu, bar ta, a kwamfuta ake ɗago ta, musamman in a RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba) ka ɗauka. A ganina ma ka ja mutanen inuwa kawai.

Tsofaffin gilasan kyamararka (lens) yawanci za su hau, don bakin D3200 irin wanda Nikon ta fito da shi ne tun 1959. Sai dai D3200 ba ta da injin juya su don hoto ya fito tar, da hannu za ka saita. Kuma gilashi mai 50mm zai yi kamar 75mm, wato zai ƙara jawo abu kusa, sai ka ja baya kafin iyali su shiga duka.

Da hunturu kar ka cire gilashi a titi, ƙura za ta zauna ciki. Sauran hotunan kuma turo su a matsayin fayil, WhatsApp yana matse hoto.