Filin Tambaya da Amsa: Pygmalion a Dandamali, My Fair Lady a Fim

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An ba mu jinga mu kwatanta wasan kwaikwayon Pygmalion da fim ɗin My Fair Lady. Na kalli fim ɗin sau biyu, ƙawata kuma ta ce ba sai na karanta littafin ba tunda labarin ɗaya ne. Haka ne? Ta ina zan fara? Daga wata ɗalibar adabi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawarki ta so ta rage miki wahala, amma in kika bi shawararta za ki zubar da maki. Ƙashin bayan labarin ɗaya ne: Farfesa Higgins, masanin ilimin furuci, ya ɗauki Eliza mai tallar furanni a kasuwar Covent Garden ta Landan, ya ce cikin wata shida zai gyara mata harshe har a ɗauke ta 'yar sarauta, Kanar Pickering kuma ya ce in ya iya, shi zai biya duk kuɗin da aka kashe. Daga nan hanya ta rabu.

Fara da sanin cewa ba tsalle ɗaya aka yi daga littafi zuwa fim ba. George Bernard Shaw ya rubuta wasan, aka fara nuna shi a Vienna a 1913 da Jamusanci, sannan a Landan a 1914. A 1938 aka yi masa fim mara waƙa, wanda Shaw da kansa ya sa hannu a rubutunsa. Shaw bai yarda a mayar da wasan na waƙe-waƙe ba, don ya riga ya ga yadda aka yi wa wani wasansa a 1908 bai ji daɗi ba. Sai bayan rasuwarsa a 1950 Alan Jay Lerner da Frederick Loewe suka samu dama, suka fitar da My Fair Lady a dandamali a New York a 1956. Fim ɗin da kika kalla, na George Cukor, ya fito a 1964. Abubuwa da yawa da ɗalibai ke jingina wa fim ɗin 1964 a na 1938 aka fara su.

Saboda haka duba bugun da ke hannunki. Na asali kashi biyar ne, kuma in ban da na farko da ke bakin coci ana ruwan sama, duk a cikin ɗaki suke: biyu a gidan Higgins, biyu a falon mahaifiyarsa. Ba a nuna darussan Eliza, ba a nuna babbar liyafar da ta ci jarrabawa. Tsakanin kashi na uku da na huɗu aka yi ta, labarinta kawai muke ji. Amma a bugun 1941 Shaw ya cusa wasu fitowa daga fim ɗin 1938, har da liyafar. In ba ki faɗi bugun da kika yi amfani da shi ba, malami zai iya cewa kin yi kuskure alhali ba ki yi ba.

Daga nan ki ja layi a tsakiyar takarda, kashi biyar na wasan a hagu, abin da fim ya yi da kowanne a dama. Za ki ga fim ya cika guraben da Shaw ya bari da gangan. Darussan sun zama waƙoƙi, liyafar ta zama doguwar fitowa da rawa da kayan ado. Fim ɗin ya kusa awa uku, kuma lokacin da waƙa ta ci daga muhawara aka yanko shi.

Kashi na uku ya fi cancantar ki zauna a kansa. A wasan, gwajin Eliza na farko shan shayi ne a falon mahaifiyar Higgins, mutane kaɗan, kowa na jin kowa. Furucinta ya gyaru tsaf, amma zancen na unguwarsu ne: tana ba da labarin mutuwar gwaggonta da giyar da aka ɗura mata, har ta saki ashar ɗin da ya girgiza 'yan kallon 1914. Fim ya kwashe wannan ya kai filin sukuwar dawaki na Ascot, da ɗimbin mata cikin fararen kaya da baƙaƙe da Cecil Beaton ya tsara. Ido ya ƙoshi, ba musu. Abin da aka rasa shi ne Clara, 'yar'uwar Freddy (saurayin da ke son Eliza), wadda aka cire gaba ɗaya. A wasan ita ce ta ɗauki ashar ɗin Eliza a matsayin sabon yayi ta maimaita shi, kuma ta nan Shaw ya nuna mana gidan da ke da asali ba kuɗi, masu kwaikwayon duk abin da suka zaci na manya ne. Da aka cire ta, zolayar ta koma kan Eliza kusan ita kaɗai.

Sai ƙarshe, inda yawancin ɗalibai ke faɗuwa. A wasan Eliza ta gaya wa Pickering a gaban Higgins cewa abin da ya raba babbar mace da mai talla shi ne yadda ake mu'amala da ita, ta ce wa Higgins ma za ta iya koyar da abin da ya koya mata ta ci abinci da shi. Ya aike ta sayayya kamar yadda ya saba, ta ƙi, ta wuce ɗaurin auren mahaifinta. Shaw ya ji haushin yadda 'yan wasa ke karkatar da wurin zuwa soyayya, har ya rubuta ƙarin bayani a 1916 cewa Freddy ta aura suka buɗe shagon furanni. A fim kuwa ta dawo ta iske Higgins yana sauraron muryarta a na'ura, shi kuma ya tambayi silifansa, silifan da ta jefe shi da su a daren liyafa. A ganinmu wannan sauya jigo ne: tambayar Shaw ita ce me zai faru da yarinyar da aka ciro daga ajinta ba a ba ta wani ba, tambayar fim kuma ko za ta dawo. Kada dai ki rubuta cewa sun yi aure a fim, ba a nuna haka ba.

Ki yi wa fim adalci a abu ɗaya. Shaw bai taɓa barin mu mu shiga zuciyar Higgins ba, amma waƙar Higgins ta ƙarshe a fim, inda yake yarda ya saba da Eliza, ta yi wannan aikin. Ga kowace waƙa ki tambayi kanki: wane zance ta maye gurbinsa, kuma me ta faɗa wanda mai ita ba zai iya faɗa a gaban mutane ba?

TAMBAYA: Wai da gaske ba Audrey Hepburn ce ta rera waƙoƙin fim ɗin ba? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Da gaske ne, malam. Muryar Marni Nixon ce a mafi yawansu, ita Hepburn, wadda ta fito a Eliza, tana bi da baki, kamar yadda muka saba gani a finafinan Indiya da na Hausa. Julie Andrews ce ta fito a Eliza a dandamali, amma furodusan fim ɗin, Jack Warner, ya fi son sunan da masu zuwa silima suka riga suka sani. Rex Harrison kuwa, wanda ya fito a Higgins, bai yarda ya bi faifai ba, don rabin waƙarsa magana ce kuma ba ya maimaita ta iri ɗaya, sai aka ɓoye masa makirufo mara waya a lakataye aka ɗauki muryarsa kai tsaye. In ka kasa kunne za ka ji bambancin: nasa zance da waƙa murya ɗaya ce, nata kuwa akwai ɗan sauyi duk sanda kiɗa ya tashi. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar takwas, har da ta Harrison, amma ko cikin jerin 'yan takara ba a sa Hepburn ba. Kyautar jaruma ta shekarar Julie Andrews ce ta ɗauka, da fim ɗin Mary Poppins.